Geron Bitrus a Saman Bene

Makon jiya na sauko daga jirgin ƙasa a tashar Mansura zan je wurin mai gyaran tabarau, sai ɗigon ruwa ya faɗo mini a wuya, sanyi ƙalau. Na ɗaga kai. Wani tsohon esi ne, na'urar sanyaya ɗaki irin ta taga, yake zubar da ruwansa daga hawa na uku, kamar yadda suka saba in watan Agusta ya kama. Tun daga bakin tasha tabarauna ya yi hazo, riga ta manne mini a baya, iska kuwa kamar an jiƙa bargo a ruwan zafi an lulluɓa wa mutum. Na tsaya ina kallon ruwan yana bin bango yana ɓacewa a kwalta, sai na ji raina yana cewa asara. Shekara goma sha wani abu ke nan ba na iya ganin ruwan esi yana zuba a ƙasa ban ji haka ba, kuma Bitrus ne ya ja mini.

A lokacin ina aikin gwajin jini a wani asibiti a nan Doha. Cocinmu ba shi da ginin kansa. Zauren wata makaranta muke ara ranar Juma'a da safe, tunda ita ce ranar hutu, mu jera kujerun yara, mu shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburin malami, shi ke nan ya zama bagade. Ba mu da yawa. Akwai mutanen Kerala, akwai 'yan Kenya da 'yan Uganda, 'yan Filifin masu aikin jinya, Turawan Ingila kaɗan, iyali ɗaya daga Pakistan, sai mu 'yan Arewa da ba mu cika layi biyu ba. Ba a tambayar mutum ɗarikar da ya fito. Direba da injiniya ƙoƙo ɗaya suke sha a Jibin Ubangiji, Rabaran ya goge bakin ƙoƙon da ƙyalle ya miƙa wa na gaba. In an zo addu'ar Ubangiji, kowa da harshen uwarsa yake yi, zauren ya cika da guna-guni kamar kasuwa daga nesa. Masu Malayalam kullum su ne na ƙarshe, sai mu jira su kafin mu ce amin.

Na yi sujada a wurare da dama kafin nan. Na ga godiyar kaka a Ingila, inda ake jera gwangwanin wake da burodi mai siffar dami. Na gan ta a wani ƙauye kusa da Kisumu a Kenya, inda akuya ta cinye furen bagade ana cikin wa'azi. A Khartoum na ga an kawo dabino a buhu. Ta Doha kuwa, a watan Oktoba, kowa kanti yake zuwa ya sayo shinkafa da man girki da madara, a tara, a raba wa leburori da masu gadi. Babu wanda ya taɓa kawo abin da hannunsa ya noma, don babu mai gona.

Bitrus mai gyaran esi ne, ɗan wani ƙauye a ƙasar Ikara, gajere, mai faɗin kafaɗa, ba ya son magana a cikin taro. Yana zaune a wani tsohon bene a Mansura tare da wasu mutum biyar a ɗaki ɗaya. A bazarar shekarar nan gobara ta tashi a gidansu na ƙauye ta cinye rumbuna biyu, ba a fi wata guda ba mahaifinsa ya rasu. Kafil, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, bai ba shi izinin tafiya ba. A wayar ƙanwarsa ya ji ana rera waƙar jana'iza.

Wata Juma'a bayan sujada ya ja ni gefe, ya ciro wani ƙullin tsumma daga aljihu ya kwance. Gero ne, bai fi cikin tafin hannu biyu ba, ƙwayarsa manya, launin toka-toka.

"Baba, ka san wannan?"

Na ce, "Gero ne, Bitrus. Ban tsufa har haka ba."

"Irin gidanmu ne. Kakana ya zo da shi. Ba a samunsa a kasuwa. Da na je hutu Babana ya ƙulla mini, ya ce in dama kunu in na yi kewar gida. Ban dama ba." Ya juya ƙwayoyin da yatsa. "Sauran duk wuta ta cinye. Wannan ne kaɗai ya rage a duniya."

Ya ce ƙanensa ya bar noma ya tafi Abuja yana tuƙin babur, gonar kuma an ba da aro, mahaifiyarsu ta tsufa. Tun ranar da aka yi wa kakansa baftisma, babu kakar da gidansu bai kai damin farko na wannan gero gaban bagade ba. Ga shi ƙwaro ya fara shiga ƙullin, ya nuna mini 'yan ƙwayoyin da suka huje. In ya ƙara shekara a aljihu, gari zai koma.

"To me za ka yi?"

"Inna ta bugo jiya, ta ce an yi ruwan shuka. Zan shuka."

Watan Yuni ne. Ni da na yi shekara da shekaru a ƙasashen Larabawa, na san ba a shuka a nan sai zafi ya sauka, wajen ƙarshen Oktoba. Na faɗa masa. Ya dube ni da ladabi irin na wanda ba zai ji ba.

"Baba, gero ba ya son sanyi. Kuma in na jira Oktoba, me zan kai ranar godiya?"

Mai gadin benensu wani Bakano ne daga ƙasar Rano, Malam Sani, dogo siriri, mai carbi a hannu da rediyo a aljihu. Shi yake riƙe da makullin rufin. Da Bitrus ya roƙe shi, sai da ya yi dariya har ya dafa bango.

"Kai, Bazazzagi dai Bazazzagi ne. Mutane suna zuwa Doha su tsere wa fartanya, kai ka zo ka kafa gona a kan siminti. A ina za ka samo gajimare, Sarkin Noma?"

"Malam, kai dai buɗe mini. Ai Bakano in ya ga ana noma ya san ranar kasuwa ta kusa."

Ya buɗe masa. Rufin fili ne mai tankunan ruwa da faifan talabijin masu tsatsa da kashin tantabaru. Bitrus ya tattaro bokitan fenti, da akwatunan farin soso da ake saka kifi, da gawar wani firij da aka yar, ya kwantar da ita ya cire ƙofa. Wani direba ɗan Kenya daga cocinmu ya kawo masa takin tumaki daga kasuwar dabbobi a bayan motarsa, ya kwana uku yana wanke motar. Bitrus ya raba irin biyu, ya shuka rabi.

Ya tsiro, kuwa. Na je na gani da idona, kore shar, kamar allurai. Sati bai cika ba iskar arewa ta taso, wadda suke kira shamal, busasshiya kamar daga bakin tanda. Simintin rufin ya yi zafin da takalmin roba yake narkewa a kai. Ruwan da Bitrus yake ba su daga tankin rufi yake ɗiba, ruwan da a lokacin zafi ko wanka ba a iya yi da shi sai an tara a bokiti ya kwana. Dafa tsiron ya yi bai sani ba. Ya dawo aiki wata la'asar ya tarar sun kwanta, sun koma kamar zaren tsumma.

Juma'ar da ta biyo, Rabaran ya gama sanarwa ya tambaya, kamar kullum, ko akwai mai wata magana. Rabaran ɗinmu Bature ne mai furfura, wanda ya daɗe a Uganda, ba ya gaggawar rufe wannan ƙofa. A nan ake faɗin wanda aka kwantar a asibiti, da wanda ya rasa aiki, da wadda ke neman ɗaki. Sai ga Bitrus ya miƙe. Turancinsa na aiki ne, ya ce in fassara.

Ya ce yana roƙon ikkilisiya ruwan esi. Ruwan da ke ɗiga a bayan taga, wanda ba na kowa ba ne, mai sanyi, marar gishiri. Kowa ya tara masa nasa.

Aka yi dariya, har da ni da nake fassarawa. Sai ya ciro ƙullin ya ɗaga, ya faɗi labarin gobarar da na mahaifinsa da na damin farko, a taƙaice, yana kallon ƙasa. Dariya ta ɗauke. Wata dattijuwa 'yar Kerala da muke kira Mama Mariyamma, tsohuwar ungozoma, wadda ita ke raba kayan godiyar kaka kowace shekara, ta ɗaga hannu daga kujerarta.

"Inuwa fa? Ruwa kawai ya roƙa? Wannan yaron zai sake kashe su."

Juma'a ta gaba bayan zauren ya cika da jarkoki da gorunan roba. Mama Mariyamma ta zo da tsofaffin zannuwanta na sari da dama, masu shara-shara, ja da ruwan ɗorawa da shuɗi. Wani injiniya Bature ya kawo koriyar raga irin wadda ake rufe gini da ita. Da yamma, da rana ta yi sauƙi, muka hau rufin mu kusan goma, aka kafa sanduna, aka ɗaure, aka ɗora bokitan a kan katako don kada zafin siminti ya kama su. Malam Sani yana tsaye a bakin ƙofar rufin yana jan carbi.

"Yalla, yalla, maza ku yi. Ikon Allah, yau na ga gayya a Doha. Baba Likita, kai ma da girmanka sun ja ka?"

Na ce, "Sun ja ni, Malam."

Bitrus ya durƙusa ya shuka sauran. Ya karkaɗe tsumman a kan bokiti na ƙarshe, ya ninke shi ya sa a aljihu. Duk mun san babu na uku.

Yuli ya wuce, Agusta ya shigo da laimarsa. Wanda bai zauna a bakin wannan teku ba ba zai gane ba. A gida zafin bazara yana da iyaka, hadari yana haɗuwa, ka ji ƙanshin ƙasa, ka san sauƙi na tafe. A nan sama fara ce fat, babu ko ɗigon ruwa wata da watanni, amma iskar kanta jiƙe take. Gumi ba ya bushewa. Ka fito daga ɗaki, gilashin agogonka ya yi raɓa. Abin mamaki, wannan laimar da ke kashe mu ita ta zama daminar Bitrus, don esi ba ya zubar da ruwa kamar a lokacin. Ni kaina na sa bokiti a bayan tagata a unguwar Firij Abdul Aziz, kafin gari ya waye ya kusa cika. Ma'aikatan jinya 'yan Filifin suna aiko da nasu a motar asibiti. Iyalin nan 'yan Pakistan, mahaifinsu yakan biyo da jarkoki a tasi, ya sauke a bakin ƙofa ya wuce.

Benen ba shi da lif. Hawa huɗu ne, sannan rufi.

A cikin wannan watan azumi ya kama. Gari ya yi tsit da rana, shaguna a rufe, ba mai ci ko sha a fili, Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Mu ma muna jin yunwar a hanya. Bitrus yana yini a kan rufin mutane yana kwance injuna masu zafi, in ƙishi ya kama shi sai ya ɓuya a bayan tanki ya kurɓi ruwa. Ɗakinsu mutum huɗu masu azumi ne, don haka shi ma ba ya ɗora tukunya sai magariba, ya ce ba zai cika musu ɗaki da ƙanshin albasa ba. In an kira salla sai a shimfiɗa leda a ƙasa, dabino, ruwan sanyi, shinkafar da masallacin unguwa ke rabawa, su ci tare. Ya rame. Idanunsa suka faɗa.

Geron kuwa ya yi girma. Ya wuce gwiwa, ya kai ƙugu, ganye faffaɗa, kara mai kauri. Ƙarƙashin zannuwan Mama Mariyamma hasken rana yana sauka ja da shuɗi a kan ganyen. In ka shiga tsakiya ka tsuguna, ka ji warin taki da danshi, sai ka manta da inda kake, har sai jirgin sama ya wuce.

Malam Sani ya daina dariya tun da geron ya kai gwiwa. Ya koma ba da umarni.

"Sarkin Noma, ka cire. Uku a rami ya isa. Ku Zazzagawa komai sai kun cunkusa."

"Malam, hannuna ba ya iya tuge su."

"Kawo nan, ni ba kakana ya zo da su ba."

Geron yana cikin yin ciki Bitrus ya faɗi. A kan rufin wani gida a unguwar Mirƙab ne, da hantsi, abokin aikinsa ya same shi a kwance, fatarsa a bushe, ba ya gane mutane. Aka kawo shi asibitinmu. Ni na ɗebi jininsa, na ga ƙodarsa ta wahala. Da ya farfaɗo, abin da ya fara cewa ke nan, leɓensa a tsattsage:

"Baba, an ba su ruwa?"

Ban sani ba. Da na tashi aiki na wuce Mansura kai tsaye. Ban sami Malam Sani a kujerarsa ba. Na same shi a matakala, tsakanin hawa na uku da na huɗu, zaune a kan jarka, wata jarkar a gefensa, yana numfashi da baki. La'asar ce sakaliya, tun asuba bai sa komai a bakinsa ba, ga ruwa mai sanyi yana motsi a ƙarƙashinsa.

"Malam, za ka kashe kanka. Ka bari a sha ruwa mana."

"Baba Likita, ni nake azumi, ba su ba."

Na ɗauki ɗaya, ya ɗauki ɗaya. Ni da na haura hamsin a lokacin, sai da na huta sau biyu.

Sama da mako biyu Bitrus yana kwance. Ban taɓa jin an tsara wa kowa rana ba, amma rufin bai taɓa kwana da ƙishi ba. Malam Sani yana ba su bayan sallar asuba. Da yamma sai wanda ya samu dama: yau direban Kenya, gobe 'yan matan Filifin su biyu suna riƙe da jarka ɗaya suna dariya, jibi Rabaran da kansa, fuskarsa ja kamar gauta. Ranar Juma'a aka yi wa Bitrus addu'a da suna. Rabaran ya ƙara da cewa a yi wa gonar ma, da mai gadin gonar, ya ambaci sunan Malam Sani. Da na faɗa wa Malam Sani sai ya ce, "To, Allah ya karɓa. Amma ka ce musu su ƙaro jarka."

Geron ya fid da kai. A nan zafin ya yi mana abin da ruwa da inuwa ba su iya hanawa ba. Zangarniyoyin farko sun fito dogaye masu kyau, suka yi bununi, amma rana ta ƙone shi. Ka murza a hannu, babu komai sai ƙaiƙayi. Bitrus ya fito daga asibiti yana dogara bango, ya hau rufin a hankali, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana murzawa. Sai na baya-bayan nan, waɗanda suka makara suka fito bayan ƙaramar salla, da dare ya fara ɗan sassauci, su ne suka kama ƙwaya. Nan da nan gwarare da tantabaru suka gano. A gida yara ake sa wa su kore su da gwangwani. A nan Mama Mariyamma ta ce a sa musu safa. Juma'ar nan aka tara tsofaffin safa a coci, muka saka wa kowace zangarniya ɗaya, aka ɗaure. Duk wanda ya leƙo daga benen maƙwabta zai ga gona ta sa safa.

A farkon Oktoba ya yanka. Da wuƙar yankan waya ya yi girbin. Duk abin da ya samu, hannu ɗaya ya riƙe shi. Amma ƙwayar ta cika, manya, toka-toka, irin na tsumman nan sak.

Muna zaune a kan gawar firij na ce masa, "Ka kai ɗaya coci, ka ajiye sauran. Allah ya ga wahalarka."

Ya girgiza kai. "A gidanmu damin farko ba a kwance shi. Yadda aka ɗaure haka ake kaiwa. Babana bai taɓa zare ko zangarniya ɗaya ba, ko a shekarar fari."

"Ai wannan bai kai dami ba, Bitrus."

"Shi ya sa, Baba. Duka na farko ne."

Na ce to bayan sujada sai ya roƙi Rabaran ya mayar masa, na san ba zai hana ba. Ya dube ni kamar na ce ya yi sata. Ya ce abin da ya hau bagade ba ya komawa gidan da ya fito. Na yi ta ja da shi. Na tuna masa cewa don kada irin ya ɓace ya kusa rasa ransa, kuma kayan godiya a kwali ake zuba su a kai wa leburorin da ba su san gero ba, ƙarshenta a watsa wa tsuntsaye. Ya ce ya sani. Ya ce ya kwana yana tunanin haka. Ya ɗaure zangarniyoyin da ganyen kara, ɗaurin dami, ƙarami kamar na wasan yara.

Ranar godiyar kaka zauren ya cika. Teburin malami ya ɓace a bayan buhunan shinkafa da galan-galan na mai. Aka fara waƙar shiga, 'yan Uganda suka kama ganga, mutane suna tafiya gaba layi-layi kowa da ledarsa. Bitrus ne na ƙarshe. Ya sa farar riga 'yar shara da hula, ya ɗora ɗan damin a kafaɗa kamar mai nauyi, yadda ake ɗauka a gida. Kusan duk wanda ke zauren ya taɓa hawa matakalar nan da jarka. Da ya wuce sai mutane suka riƙa miƙewa, ba wanda ya ce su miƙe. Ya durƙusa, Rabaran ya karɓa da hannu biyu, ya ture wani galan ya ɗora shi a tsakiyar bagade, kusa da ƙoƙo. Da muka zo addu'ar Ubangiji na ji Hausar Bitrus a gefena ta tsaya a tsakiya, bai ƙarasa ba.

Bayan sujada Mama Mariyamma ta zauna a kujerar yara tana nuna abin da za a sa a kowane kwali. Damin ta ajiye a cinyarta. Bitrus bai ko dubi wajen ba, yana ta ɗaukar kwalaye yana kaiwa mota. Ta yafito ni.

"Mai gadin nan nasu, dogon nan, yana da gona a ƙasarku?"

Na ce yana da ita, kuma na ji yana cewa bayan babbar salla zai koma gida gaba ɗaya.

Ta ce, "To. Masu gadi ai suna cikin waɗanda muke ba." Ta ɗauki kwali ta zuba shinkafa da mai da madara, ta ɗora damin a kai.

Muka isa Mansura bayan an sauko daga masallaci. Malam Sani yana kan kujerarsa da fararen kaya. Mama Mariyamma ta fito daga mota da ƙyar, ta ajiye kwalin a gabansa da hannunta, ta ce in faɗa masa kyautar ikkilisiya ce, tasa ce, ya yi yadda ya ga dama da ita. Ya dubi damin, ya dubi Bitrus, wanda ya tsaya a jikin mota da wani kwali a hannu, bai san da wannan shiri ba.

"Sarkin Noma, ka ji? Nawa ne."

"Na ji, Malam."

"In na ga dama in yi tumu in cinye."

"Naka ne, Malam."

Malam Sani ya ɗaga damin ya auna nauyinsa a hannu, ya murza ƙwaya biyu ya duba, ya mayar da su cikin aljihun gaba.

"Halas, magana ta ƙare. Zan shuka shi a Rano, a ƙasa, a ƙarƙashin gajimare, kamar yadda masu hankali suke yi. Kai kuma ka daina hawa rufi."

Bitrus ya ajiye kwalin da ke hannunsa a kan kwalta, ya zauna a kai, ya rufe fuska da hula.

Yanzu cocinmu yana da gini, da kujeru masu laushi, da sanyin da ba a ganin injinsa. Mun yi yawa har ba na sanin sunan kowa. Mama Mariyamma ta koma Kerala, Rabaran ya yi ritaya. Ni ma na ajiye aiki, ina zaune wurin 'yata a Mirƙab. Ana nan ana shan ƙoƙo ɗaya, ana nan ana jiran masu Malayalam kafin a ce amin.

Bitrus bai samu zuwa gida ba sai bayan shekara biyu. Amma a kakar da ta biyo, wata Lahadi da yamma, yana wurina muna cin tuwo, wayarsa ta yi ƙara. Ya buɗe murya don in ji. Malam Sani ne, iska tana kaɗawa a bayansa.

"Sarkin Noma! Kana ina, kan rufi?"

"Ina ƙasa, Malam. Ya gida? Ya gero?"

"Geron kakanka ya fi ka hankali. Kunya goma na yi da shi, ya ba da dami uku. Biyu na rataye su iri, ba mai taɓa su. Na farkon kuwa ban kwance ba. Yau da sassafe na ɗaure shi a babur na tafi ƙauyenku, na tambayi gidan da ya ƙone. Tsohuwa ta ce ba za ta iya ɗauka ba, ƙafa ta hana. Sai na goya ta, ita da damin, har ƙofar cocinku."

Bitrus ya ajiye lomar da ke hannunsa.

"Ka shiga, Malam?"

"Ina! A gindin bishiya na jira. Amma na ji lokacin da suka shiga da shi, mata suka yi guɗa. Ga ta nan ma, ta hana ni tafiya sai na ci abinci. Inna, karɓi, ɗanki ne."